Sawun da Bai Dawo Ba

Yaya Munevera yayar mijina ce, kuma duk unguwarmu a garin Zenica babu mai muryarta. A kamfanin ɗinkin takalma ta ƙare ƙuruciyarta, inda sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji ka, shi ya sa ko gishiri ta ce a miƙo mata sai maƙwabta sun sani. Da ta yi ritaya likita ya ce ta riƙa ɗan tattaki saboda hawan jini. Ɗan tattaki fa aka ce. Ita kuwa ta sayo takalman hawan dutse da sanduna, ta mai da ni 'yar rakiya, ni da ko benen gidanmu sai na huta a tsakiya.

Ba ta son maimaita dutsen da ta taɓa hawa, ba ta kuma yarda da taswirar waya ba. Dabararta a lokacin sanyi guda ce. Mu shiga bas har ƙauyen ƙarshe, ta zagaya bayan gidaje tana duban dusar ƙanƙara. In ta ga sawun mutum ya nufi sama, magana ta ƙare.

"Mai wannan sawun ɗan gari ne, amaryarmu. Ya fi wayarki sanin hanya."

Ina da jikoki, amma har yau amarya take ce mini.

Wata Lahadi muka sauka a wani ƙauye da ba mu taɓa zuwa ba, rabin gidajensa babu rufi tun zamanin yaƙi. Ba mu ga kowa ba sai hayaƙi daga gida ɗaya. Na ce mu ƙwanƙwasa mu yi tambaya, ta ce ita ba ta tashin tsofaffi daga gindin murhu. Ta samu sawunta a bayan masallaci, sawun namiji mai ƙaton takalmi, muka bi shi cikin daji.

Da muka fito wani fili a sama, sawun ya ɓace, iska ta shafe shi. Filin kuwa fari fat, rana na haskawa, ko tsuntsu bai taka shi ba. Yaya ta yi gaba tana waƙa, ina biye ina haki. A tsakiyar filin ta tsaya ta buɗe fulas ɗin gahawa, ni kuma na ciro burek, gashin fulawan nan mai nama a ciki.

Ina taunawa na hango wani turke can gabanmu, da ɗan farantin ƙarfe mai ruwan toka a kansa. Ga wani a gefensa, ga wani, sun yi layi a bakin filin.

"Yaya, su kuma waɗannan alluna da suka juya mana baya fa? Fushi suke da mu?"

Ba ta yi dariya ba. Na ga gahawa na zuba a kan safar hannunta ba ta ko ji ba. Sai a lokacin kaina ya kawo. Duk ɗan ƙasar nan ya san gaban wannan allo, ja ne, da ƙoƙon kan mutum, yana gargaɗin nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi. Wanda ke waje ake nuna wa gaban. Mu bayansa muke gani.

"Enisa," ta ce, da wata 'yar siririyar murya da ban taɓa sanin tana da ita ba. "Kar ki motsa. Juya a inda kike. Ki sa ƙafa cikin ramin sawunmu, kar ki kauce ko da yatsa. Ɗaga sandunanki sama, kar su taɓa ƙasa."

Ni ce a baya da muna zuwa, don haka yanzu ni ce a gaba. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Burek ɗin ma yana nan a bakina, na manta da shi. Rana ta fara narkar da saman ƙanƙarar, kowane taku sai ƙafata ta ƙara nutsewa fiye da ɗazu, ina jiran in ji ta taɓa ƙarfe. A wasu wuraren iska ta riga ta cike ramukan, sai na durƙusar da kai na nemo inuwarsu. Ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci.

Mun kusa bakin daji na ji dariya. Wani saurayi da budurwarsa ne suka ɓullo daga cikin itatuwa, riƙe da hannun juna. Shi yana kan sawunmu, ita kuwa ta ɗaga ƙafa za ta shiga sabuwar ƙanƙarar da ke gefe.

"KU TSAYA! NAKIYA!"

Muryar Yaya ta kamfani ce ta dawo gaba ɗayanta, har dusar ƙanƙara ta zubo daga rassa. Yarinyar ta daskare da ƙafa a sama, saurayin ya fizgo ta baya.

Da muka isa cikin itatuwa na zube ƙasa ina kuka. Saurayin, fuskarsa ba jini, ya ce, "Goggo, sawunku muka gani. Muka ce waɗannan 'yan gari ne, sun san hanya."

Yaya ta jingine sandunanta. Ta karyo rassa ta toshe bakin filin, ta kira 'yan sanda, waɗanda daga baya suka ce iska ce ta binne allunan ɓangaren da muka shigo cikin dusar ƙanƙara. Muna gangarowa ta tsaya tana kallon sawun ƙaton takalmin nan da ya kawo mu. Duk sama ya nufa. Muka duba dama da hagu har cikin ƙauye, babu inda ya sauko. Tsohuwar gida mai hayaƙi ta ce ita ba ta ga wucewar kowa ba, 'yan sanda ma ba su samu kowa ba.

Har yau muna fita ranar Lahadi. Amma yanzu sai ta ƙwanƙwasa ƙofa ta yi tambaya, sannan ta je bayan gari ta durƙusa a kan sawu tana duban inda kan takalmin ya fuskanta. In na masu tafiya ne kawai, babu na mai dawowa, sai ta miƙe ta kaɗe gwiwa.

"Mu koma tasha, amaryarmu," takan ce, a hankali.