Juma'ar da Ɗakin Karatun Baba Ya Ƙone

Duk abin da zai bar kaina a duniya, ban da wannan Juma'ar ta tsakiyar bazara. Shekaru sun ja, na yi aure na hayayyafa, amma har gobe idan na ji ƙaurin roba sai gabana ya faɗi.

Mahaifinmu malami ne a Gwallaga. 'Yan kasuwa da teloli ke zuwa ɗaukar karatu wurinsa bayan la'asar. Dukiyarsa kaf littattafai ce, wasu kakansa ne ya rubuta su da hannu, suna cikin gafaka a ɗakin da ke jikin zaure. Da idonsa ya fara rauni, ga wuta ba ta zama, sai babban wanmu, wanda muke kira Hamma, ya sa masa sola. Ranar da fitila ta kama Baba ya yi ta sa masa albarka har Hamma ya ji kunya ya fita.

Mai haɗin wani ne da aka yi wa Hamma kwatancensa a kasuwa. Ya jera farantan sola a kan rufi, ya sauko da waya siririya ta cikin silin, inda ta gaza ya ƙulla ya naɗe da salatif. Batura da inbata kuwa ya girke su a ɗakin littattafan, wai ya fi sanyi. Mu dai mun ga haske, ba wanda ya tambayi komai.

Ranar, maza duk sun tafi masallaci, daga ni sai Inna, mahaifiyarmu. Ina tankaɗe na ji ƙauri. Na leƙa ɗakin, sai ga waya tana narkewa tana ɗiga a kan tabarma, tana wani ƙara tsi-tsi-tsi. Na ruga na kashe inbata. A zatona shi ke nan. Tartsatsin ko gezau bai yi ba.

"Inna, na kashe amma bai mutu ba!"

Ta taho da bokiti. Na riƙe hannunta. "Kada ki zuba, Inna, wuta ce za ta ja ki!"

"To mu tsaya kallo? Innalillahi, littattafan Malam!"

Muka koma kwasar yashi a kwano muna watsawa daga bakin ƙofa. Ina amfani, wutar tana sama, cikin silin. Na fita layi ina ihu, layin fayau, sai mata da tsofaffi.

Ana sallamewa daga masallaci silin ya fara zubowa. Baba ya iso da darduma a kafaɗa. Nan take ya kutsa cikin hayaƙin. Hamma ya bi shi yana kiran, "Baba! Baba, ka fito!" Wayar da ta sauko daga rufi tana reto a gaban Baba, ya sa hannun dama zai kawar da ita. Ƙarar da ya yi, ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Hamma ya janyo shi waje ta wuyan riga, gafaka guda a hammatar Baba. Kafin 'yan kwana-kwana su samu hanya a lungunmu, ɗakin ya zama toka.

Daga baya wani injiniya da ya duba wurin ya yi wa Hamma bayani. Wayar ta yi ƙanƙanta da ƙarfin da take ɗauka, ga ƙulli, kuma babu fis ko makashi tsakanin farantin da batura. Muddin rana na dukan faranti, wuta na gudu a wayar, ko an kashe komai a ƙasa. Hamma ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Hannun Baba ya warke a ƙanƙance, yatsu uku ba sa miƙewa. Bai sake riƙe alƙalami ba. Ɗalibansa suka sayo masa bugaggun littattafai, ya yi godiya, ya ajiye. Yakan ce, "Allah ne Ya bayar, Shi Ya karɓa," amma muryar ba tasa ba ce. Gafakar da ya tsira da ita ma, da aka buɗe, rabin takardun sun soye, da an taɓa sai su marmashe. Karatun la'asar ya yi ta raguwa har zauren ya yi tsit. Ko sau ɗaya Baba bai ɗora wa Hamma laifi ba, wannan kuwa shi ya fi cin Hamma. Damina biyu bayan nan Baba ya rasu.

Abin da na koya da tsada na koye shi. Wutar rana wuta ce, ba ta san kyakkyawar niyya ba. Duk wanda zai sa sola ya nemo wanda ya karanci aikin, ya tsaya a nuna masa kaurin wayar da inda ake katse wutar rufi, kuma kada ya haɗa batura ɗaki ɗaya da abin da ba zai iya mayarwa ba. Mu mun sake gina ɗakin cikin ɗan lokaci. Har yau ba mu da abin da za mu sa a ciki.