Awon Ido da Goro

Jikata ta shekara bakwai lokacin da na naɗa kaina likitan ido. Tun tana goye ƙwayar idonta ke rawa, in za ta dube ka sai ta karkata kai. Malamin ajinsu a Miga ya aiko cewa ba ta ganin allo. Ubanta, wato ɗana, ya ce in makanta ce ke tafe gara ta zauna a gida, kada babur ya kwashe ta a hanya. Na ce a ba ni wata guda in yi bincike.

Binciken kuwa ga shi. Kullum da hantsi sai in ja layi a ƙasa gindin darbejiya, in tsayar da ita, in yi taku biyar, in ɗaga goro.

"Amarya, fari ne ko ja?"

"Ja ne, tsoho mai ran ƙarfe."

Makon farko tana faɗa daidai. Ran da ta fara kuskure tausayi ya kama ni, na ba ta dabino. Daga nan abu ya yi ta lalacewa. Taku huɗu, kuskure. Taku uku, kuskure. Ranar da ta kira farin goro ja a taku biyu, ban iya cin tuwo ba. A lissafina, kafin lokacin girbi za ta makance.

Muka hau mota zuwa asibitin Dutse, ni da ita da uwarta. Likitar ta ɗiga mata magani, ta haska cikin idon, ta daɗe tana leƙe. Sannan ta ce, "Baba, jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa ce ba ta gama girma ba tun a ciki. Kamar fitila ce mai kyau da siririyar waya. Ba ta warkewa, amma irin wannan ba ya ƙaruwa. Abin da take gani yau, da shi za ta girma in sha Allah."

Na gyara hula. "Likita, ba na ja da ilimi, amma ni ma na yi awo." Na zayyana mata komai, har da takun.

Ta juya wajen yarinyar. "'Yan mata, da gaske ba kya bambance goron?"

Ja'irar ta sunkuyar da kai. "Ina ganinsa. In na faɗa daidai sai ya ce madalla kawai. In na yi kuskure ne yake ba ni dabino."

Uwarta, da ba ta taɓa ɗaga murya a gabana ba, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza don dariya. Ni kuwa aka tozarta ni a gaban suruka, amma ban taɓa jin daɗin kunya irin na ranar ba.

Likita ta ce a zaunar da ita gaban allo, a bar ta ta karkata kanta yadda take so, a riƙa kawo ta ana duba tsayinta da jininta, don ciwon kan taɓa girman yaro. Na kai wa ubanta saƙo ban rage ko kalma ba, sai dai batun goron da na ga bai shafe shi ba.

Bana tana aji huɗu, ajin da ni na ajiye fensir. Ta riga ta sanar da ni cewa baɗi ita za ta riƙa karanta mini takardar asibiti.