Mutumin da Bai Taɓa Isa Gona ba

Shekara takwas ke nan da aka kashe yayana Garba a hanyar Tsafe. Mota ɗaya muke ciki, za mu Gusau, 'yan bindiga suka buɗe mana wuta. Shi ya cika nan take, ni na tsira da harsashi a cinya. Har yau da ɗingishi nake tafiya.

Ba labarin ranar ya kawo ni ba. Asabar ɗin da ta wuce na yi dariya har na zamo daga kan benci, kuma Garba ne sanadi.

Duk wanda ya kalli talabijin a Zamfara a wancan lokaci ya san fuskarsa. Shi ne Na-Galma a wasan barkwancin nan na ran Asabar, manomin da kullum zai saɓa galma ya ce ya tafi gona, amma bai taɓa isa ba. Yau ya tsaya raba faɗan da ba nasa ba. Gobe ya ji ƙamshin tuwon suna ya ratse. Akwai ranar da har ya hango gonar, sai ya tuna bai gaida surukinsa ba, ya juya. Galmar ma tawa ce. Tsakiyar damina, ana huɗa, zai zo ya ɗauke ta, in yi ta faɗa. Sai ya ce, "Kai wahal da ita kake, ni talabijin nake kai ta. Tambaye ta wa ta fi so."

A zangon farko ba komai a wasan sai dariya. Bayan la'asar mukan cika rumfar mai shayi a garinmu 'Yandoto, a tada janareta, tsofaffi a gaba. A kasuwar Tsafe mutane kan tare shi su ce, "Na-Galma, yau ka isa?" Ya ce, "Ina hanya."

Tun yana raye dariyar ta fara raguwa. Wata Asabar ana kallo, wani baƙo daga Rawayya ya ce, "Ni ma bana ban isa tawa ba." Kowa ya san tsoron 'yan bindiga ne ya hana shi, don mu ma ya fara hana mu. Garba ya ce mini, "Sani, abin da nake yi da wasa ya zama gaske. Ban san yadda zan yi da shi ba."

Bayan rasuwarsa wasan bai tsaya ba, amma ya canza. Masu wasan suka ce Na-Galma ya yi tafiya. Daga nan sai zaman makoki, sai masu gudun hijira, sai nasiha. Zango bayan zango ana kuka a inda aka saba dariya. Ban ga laifinsu ba, abin da ke ƙasa suke nunawa. Amma wannan na gan shi da idona, ba na bukatar a nuna mini. Na daina kallo.

Bana Malam Mudi, mai shirya wasan, ya same ni a gidan da nake gadi a Gusau. Yana so ya dawo da Na-Galma, wani Lawali daga Bungudu ya fito a matsayinsa. Ya ce ba zai yi ba sai da yardar dangi, matar Garba kuma ta bar maganar a hannuna. Na ce a'a. Ba zan ga wani ƙato cikin rigar yayana ba.

Ya dawo tare da Madam Rifkatu, wadda take fitowa a mai sayar da abinci tun zangon farko. Ita ba ta lallashi. Ta ce, "Sani, shekara takwas nake kuka a talabijin, hawayena sun ƙare. Zo ka gani. In bai yi maka ba, ka hana."

Na je inda suke gwaji da niyyar hanawa. Sai na tarar sun juya labarin. Na-Galma ya yi gudun hijira zuwa birni, ba shi da gona, sai yanzu son noma ya kama shi. Duk inda ya ga ƙasa sai ya ja kunyar shuka: bakin tasha, gefen titi, tsakar gidan haya.

Lawali ya ɗaga galma kamar mai riƙe da taɓarya. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Wa ya koya maka wanga riƙo? Ƙafarka za ka sare."

"Baba, ni tela ne."

"Na ga alama. Kawo."

Na ja masa kunya biyu a filin. Malam Mudi ya ce, "To, Malam Sani, ka yarda ke nan?" Na ce, "Ya iya riƙo tukuna." Sati uku ina zuwa ina koya masa.

Asabar ɗin da ta wuce aka nuna kashin farko. Mai gidan haya ya fito da safe ya tarar da gero har bakin ƙofarsa, Na-Galma na zaune yana korar akuya. Na-Galma ya ce, "Alhaji, taka a hankali, cikin gonata kake." Mu da muke kallo a wata rumfar mai shayi a Gusau, kusan duk daga ƙauye aka koro mu. Wani ya nuna wani ya ce, "Wallahi kai ne!" Aka fashe. Ni ma a bayan ɗakin gadina akwai masara layi uku da maigidana bai sa ni shukawa ba.

Da Garba zai gani, kishi zai fara yi. Zai ce tafiyar Lawali ba ta yi ba, hularsa ta cika tsabta. Sannan ya koma gefe ya yi dariyar da ba ya so a gani. Abin da ya gagare shi a ƙarshen rayuwarsa, yadda za a yi wa wahalarmu dariya ba tare da an ci mana fuska ba, ga shi an samo, kuma da mutumin da ya ƙirƙira aka samo shi. Garba bai bar gādon gida ko na shanu ba. Wannan malalacin manomin ya bari, ga shi kuma har ya fara aiki. Allah Ya jiƙan Garba, Ya gafarta masa.

Ni ina Gusau, ina gadi. Gonarmu ta 'Yandoto ban taka ta ba tun ranar. Na gaya wa Malam Mudi ya ci gaba da wasansa.