Muryar Sidi a Diskin da Ke Mutuwa

Da aka sallame sallar asuba Hashim bai koma gida ba. Ya wuce kai tsaye gidan rediyon da yake wa aiki a Tasawa, ya jiƙa tsumma a randa, ya matse, ya shimfiɗa bisa tebur, ya kife faranti a kai, sannan ya aza diskin ajiyar sautin rediyon bisa farantin. Diskin ba ya yarda a karanta shi sai da sanyin safiya. Da rana ta ɗago zai fara ƙara, ƙat, ƙat, ya tsaya cak.

A cikinsa akwai muryar Sidi, wani tsohon makiyayi daga Issawane da aka yi hira da shi bara kan rijiyoyin hanyar arewa. Sidi ya rasu da damina, bai bar ko hoto ba. Ɗiyarsa Lalla ta sauka tun jiya bisa kabu-kabu, tana so a sa mata muryar a wayarta, ƴaƴanta su ji kakansu. Hashim ya ce mata ta dawo da safe. Bai gaya mata dalili ba.

A garin da ake kira Sarkin Hausa aka haife shi, gidan manoman gero. Ya bar lakwal, makarantar boko, da wuri, ya tafi Maradi, ya yi shekaru yana shara da gyara a wani shagon ordinata, wato kwamfuta. Can ya saba da baƙin allo, inda babu hoto babu ado, sai ka rubuta umarni na'ura ta aikata. Abin ya dace da halinsa. Shi mutum ne da surutu ke gajiyarwa. In ka tambaye shi wani shiri da ya ɓace, ba zai ce maka "to" ba ma. Zai rubuta find ko grep, umarnin da ke tono abu daga cikin tarin dubbai, ya juyo maka allon ka gani da idonka.

Ya san zafin Tasawa na kashe diski, don haka tun zuwansa ya rubuta ɗan tsari da rsync, mai kwafe duk sabon sauti zuwa diski na biyu. Ya danƙa shi ga cron, agogon cikin na'ura da ke tada aiki da kansa in lokaci ya yi. Ya zaɓi lokacin azahar, sa'ad da rediyo ke hutawa kowa ya tafi salla da cin abinci. Ya kuma saita na'urar ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da kuran, wato lantarki, ya dawo, tunda ɗaukewar wuta ba labari ba ce a garin. Ya gwada da hannunsa, ya ga ya yi, ya cire abin daga ransa.

Ranar da babban diskin ya fara ƙara, ya buɗe na biyun hankali kwance. Babu komai ciki sai kwafin gwajin nan na farko. Sannan ya rubuta last, umarnin da ke nuna lokutan da na'ura ta mutu ta tashi. Kullum kafin azahar ta mutu. Kullum kusan la'asar ta tashi.

Ya fita wajen Hamani, tsohon mai gadi, da ke hura gawayin shayi a bakin ƙofa.

"Baba Hamani, wa ke kashe wuta da rana?"

"Ni mana. In ba ni ba wa? Kuna ficewa nike sauke babban makunnin, batir ɗin sola su sha rana su ƙoshi."

"Tun yaushe?"

"Tun kana Maradi kana shara, ɗana. Mi ya faru? Na kashe wani ne?"

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Kai ka taɓa tambaya? Kai da ko gaisuwa sai an ciro maka da ƙugiya!"

Hashim ya san gaskiya ce. Tsohon yana aikinsa daidai, shi ma yana nasa daidai, kuma ba su taɓa zama sun yi maganar ba.

Shi ya sa yanzu yake zaune gaban farantin, ya saki ddrescue, umarnin da ke tsinto abin da ya rage a diski mai ciwo, ya tsallake wurin da ya ruɓe, ya tuna inda ya tsaya. Aikin na tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima. Hantsi na yi ƙarar ta dawo. Ya duba abin da ya samu. Hirar Sidi doguwa ce, abin da ya fito kuwa guntu ne.

Lalla ta iso lulluɓe da baƙin mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, an samu?"

"Shigo, Hajiya. An samu kaɗan."

"Kaɗan kamar yaya? Magana ai ba gero ba ce da ɓera zai ci."

"Diskin ya lalace. Ya kamata a ce akwai kwafi. Babu."

Ya karɓi wayarta, ya sa mata guntun, ya miƙa mata. Ta danna. Sai ga tari, sannan muryar tsoho a dakushe tana sallama, tana gaida masu saurare, tana lissafa rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, wace ce mai zartsi, wace ce raƙuma ke so. Ya fara cewa, "Akwai wadda na haƙa shekarar da aka haifa mini ɗiyata..." Sautin ya yanke.

Lalla ta zauna a ƙasa, nan bisa siminti. Ta sake kunnawa. Ya sake yankewa a wurin.

"Ban san ya haƙa rijiya ba," ta ce. "Mi ya ce bayan nan? Kana wurin ai."

"Ina wurin. Allurar sauti nike kallo, kar ta wuce ja. Ban saurara ba."

Ta dube shi, ta dubi diskin. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Zai ƙara fitowa?"

"Ban sani ba. Ba zan ce miki eh ba."

Ta ɗaure wayar a gefen mayafinta, ta ce mai kabu-kabu na jiranta, akwai dabbobi a gida. Hashim ya raka ta har bakin titi. Da zai koma ciki ya tsaya gaban mai gadi.

"Baba, yau kar ka sauke makunnin."

"Batir fa? Shirin dare zai mutu, a ce ni ne."

"A ce ni ne," in ji Hashim.

Ya shiga ya zauna. Ɗakin ya riga ya ɗau zafi, diskin na ta ƙara. Ya danna maɓallin kibiyar sama, umarnin ɗazu ya dawo bisa allon, ya sake sakinsa.