Shekarun Da Na Yi Da Kai Ƙwal-Kwabo

Jama'a, kun saba ganina a shafin nan da hotunan gonar wake da tsokanar jikoki. Yau wata magana ce na kawo, wadda na fi shekara hamsin ina dannewa. Tsufa ya rage min kunya, bari in faɗa.

Na yi jinya ina saurayi, irin wadda a lokacin ko suna ba ta da shi. Ni nake ji wa kaina ciwo da hannuna.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa ya ɗauke ni riƙo a Birchi. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Amma in akuya ta shiga gonar wani, ni da ita ake ɗaurewa a turke, kuma ni kaɗai ake duka. Na tashi da sanin cewa duk kuskure jiki ne ke biyansa.

Bayan samun 'yancin kai aka kai ni Dutsin-Ma koyon ɗinki wurin Malam Ilu, mutumin da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. A nan ciwon ya fito. In na karkata ɗinki sai ya ce, "Warware ka sake," shi ke nan. Ni kuwa sai ƙirjina ya cika, numfashi ya gagara, ina jiran dukan da ba zai zo ba. Ba na samun sauƙi sai na keɓe na hukunta kaina.

Tabo ya yi yawa a damtsena, amma ba wanda ya damu. Wa ba shi da tsagar magani a zamanin? Kowa ya gani sai ya ce, "Sannu, ƙaho aka yi maka?" In ce e.

Wata damina ɗaya daga cikin raunukan ya ruɓe. Hannu ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ni. Malam Ilu ya kira Baba Ɗanjuma wanzami don ya yi min sakiya.

Tsohon ya ɗaga hannun rigar, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce kowa ya ba shi wuri.

"Yaro, wanga ba aikin wanzami ba ne. Wa ya yi maka?"

Na ce ni ne.

Wallahi na gama tsorata. Na san abin da ake yi wa wanda aka ce ya taɓu: turu da mari da hayaƙi. Na ɗauka tawa ta ƙare.

Sai ya ce, "To, wa ya koya maka?"

Ban taɓa kuka irin na ranar ba. Na ba shi labarin turke tun daga farko, shi kuwa bai katse ni ba. Da na gama ya rufe zabirarsa ya ce, "Ba iska ba ce, ba hauka ba ce. Zalunci ne anka yi ma yaro. Tashi mu tahi asibiti, wannan kumburin ya fi ƙarfin askata."

Malamin asibiti ya matse mugunya, ya zuba aidin, na ga taurari da rana tsaka. Kullum da safe in bi layi, a canza bandeji, a caka min allura a ɗuwawu. Malamin asibitin ya ce da mun ƙara jinkiri da hannun ya tafi. Malam Ilu ya biya 'yan sulallan, bai taɓa tuna min ba.

Hannu ya warke, zuciya da saura. Nan Baba Ɗanjuma ya yanka min doka: "Duk sadda abin ya taso maka, kada ka tsaya shawara da shi. Zo ka ce aski ka zo."

Haka aka yi. Ko jiya aka aske ni, in na zo zai jiƙa kan, ya dafa shi da tafin hannunsa, yana goga aska a inda babu komai. In yi magana in na ga dama, in yi shiru in na ga dama. Kafin ya gama, ƙirjin ya sauka. 'Yan kasuwa suka sa min Ƙwal-kwabo, suna cewa budurwa nake nema. Na bar su a haka.

Ban warke dare ɗaya ba. Na sha komawa ruwa, in zo masa ina sunkuyar da kai. Iyakar abin da yake cewa, "Ai ka zo. Zamna."

Sannu a hankali tafiyar ta ragu, ban ma lura ba. Wata Juma'a na je, ya cire min hula, sai ga suma ta taru. Ya yi dariya har da tari. "Kai, yau sai ka biya! Wanga askin gaskiya ne."

Alhamdu lillahi. Hannun nan ya yi ɗinki har ido ya gaji, ya ɗauki 'ya'ya da jikoki, bai taɓa dukan ko ɗaya ba. Allah ya jiƙan Baba Ɗanjuma da Malam Ilu, ya haskaka kabarinsu.

Kai da ke cikin wannan hali, ba kai ka jawo wa kanka ba, kuma ana warkewa. Faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi, yau ɗin nan. Ka je asibiti, yanzu akwai likitocin da aikinsu ke nan, gatan da mu ba mu samu ba. Masu riƙon marayu, ku ji tsoron Allah.

Sauranmu kuma, in wani ya zo maka da kai a aske ya ce aski yake so, kada ka tambaye shi ina gashin. Shimfiɗa masa tabarma.