Dattijo Mai Dukan Goruba a Tashar Goronyo

Malam Bube akawu yana zaune a tashar Goronyo yana jiran mota ta cika, idonsa na kan wani dattijo da bai sani ba. Dogo ne siriri, ya naɗe hannun babbar rigarsa bisa kafaɗa, ya juya sandar tafiyarsa, lanƙwasar tana ƙasa. Ya aje ƙwallon goruba bayan buhunan albasa, ya ware ƙafafu, ya kai duka. Iska ya samu.

Direba ya yi dariya. "Baba, mi gorubag ga ta yi maka?"

"Ɗiyata za ta kai ni Maroko hutu," in ji dattijon. "Da safe in bi mijinta wasan golf, wanda ake dukan 'yar ƙwallo da sanda, da marece mu ga tsoffin masallatai da kasuwanni. Masallatai ba su ba ni tsoro. Amma in kai duka in kuskure, suruki na kallo?"

Bube ya dubi kantar tafin hannun dattijon, yana jin manomi ne, irin wanda ba a taɓa gani ya sari ƙasa ya kuskure ba.

Dattijon ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya sake kai duka. Gorubar ta tashi, ta tsallake rumfar mai shayi, kaji suka watse.

Bai ko yi murmushi ba. Ya je ya tsinto ta, ya goge da gefen riga, ya jefa aljihu.

"Da ita za ni," ya ce. "Tasu ban san halinta ba."