Motar da Take Shan Mai a Ƙofar Gidajen Mutane

A zamanin shugaban ƙasa na farko, kawuna yana da a-kori-kura biyu, irin waɗanda muke kira bashe saboda tamfol ɗin bayansu. Ƙirarsu ɗaya, kuma rana ɗaya aka sayo su. Ni nake tuƙa ɗaya, ƙanena yana tuƙa ɗayar. Aikinmu mu ɗauko nama daga mayankar Etoudi mu raba wa mahauta da masu tsire a unguwannin Briqueterie da Nkomkana.

Tawa takan daɗe da cikon tanki ɗaya. Tasa kuwa kamar an huda mata ciki. Kawu ya kai ta gareji, bakanike ya wanke kafireta, ya canja fulogi, ya ce lafiyarta lau. Daga nan Kawu ya fara zargin ƙanena yana zuƙe mai yana sayarwa. Ya ce in Juma'a ta zo ba a gano dalili ba, zai karɓe mukulli. A lokacin matar ƙanena tana jego, shi kuma ba shi da wata sana'a.

Na ce zan bi shi in gani da idona.

Tun a mayanka raina ya fara ɓaci. Bayan an gama lodin nama, ya bar wasu mahauta suka hau baya da buhunan gawayinsu, har motar ta durƙusa. Sannan maimakon ya miƙe hanya, sai ya karkata ta unguwar Tsinga, ya hau tudu da giya ta ɗaya, wai zai kai wa ƙawar marigayiya mahaifiyarmu hanta. Ina dai lura.

Da muka shigo unguwa ne na ga inda man yake tafiya. Ya tsaya ƙofar wani dattijo mai ɗinkin hula, ya fita ya tsuguna, inji yana ta ruri.

"Baba, an tashi lafiya? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Ya mai jego? Jaririn yana shan nono sosai?"

Suka bi dangi gida-gida da tambayar lafiya, har da na Garoua. Da ya dawo na ce, "Kai, me ya hana ka kashe motar?"

"Yaya, in na kashe ai na zo zama ke nan. Sai a shimfiɗa tabarma, a kawo kunu, nama yana rana."

"To gaishe shi ta taga ka wuce."

"Ta taga? Ni jandarma ne?"

Haka muka yi a ƙofar liman, haka a wurin mai aski, haka gaban kowace furfura da ta ɗaga hannu. Tafiyar da nake gamawa kafin hantsi ta kai mu kusan azahar, kuma injin nan bai huta ba.

Da la'asar na zauna gaban Kawu na jera masa komai yadda ya faru: lodi ya wuce ƙa'ida, an bi tudu ba dalili, sannan mota tana kunne ana gaisuwa.

Kawu ya ce, "Wato ba sata yake yi ba."

"Ba sata ba ce, Kawu, ɓarna ce. A hana shi tsaye-tsayen nan."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "In hana shi gaida manya? A unguwar nan? Gobe da wane ido zan shiga masallaci?"

Ya aika aka kira ƙanena, ya ce masa ya riƙe mukullinsa, Allah Ya raya jariri. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai tunda taka ba ta shan mai, kuma ba ka tsayawa, daga gobe kai za ka riƙa ɗauko naman duka daga Etoudi, sawu biyu. Shi ya raba a cikin unguwa."

Na buɗe baki zan sake jera masa bayanin daga farko, ya miƙe ya ɗauki butarsa.